Tambaya: wane ne mutumin nan da ke tsaye a saman ginin majalisar Nebraska?

Dan_Rimi

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan kowa ya tashi lafiya. Don Allah tambaya gare ni ga ƴan uwanmu mazauna Amurka ko masu ilimin zanen gine-gine. Ƙanina ne ya tafi karatu garin Lincoln a jihar Nebraska wata uku kenan, ɓangaren noma yake karanta, to shekaranjiya sai ya turo mana hoto ta WhatsApp yana tsaye a gaban wani dogon gini na dutse, can ƙololuwa akwai ƙubba mai ruwan gwal, a kan ƙubbar kuma ga wani mutum-mutumi a tsaye ya miƙa hannu. Na kai wa Baba wayar na buɗe masa, ya daɗe yana kallo har ya sa na ƙara masa girman wajen mutumin sau biyu, sai yace min wannan wane sarkin nasu ne suka ɗora a sama haka? Nace ban sani ba bari na tambayi mai hoton. Shi kuma yaron da na tambaye shi sai cewa yayi wai ofishin gwamna ne da majalisa, wucewa kawai yayi ya ɗauki hoto bai taɓa shiga ba, karatu ya sha masa kai.

Ni kuma abin da ya ɗaure min kai shine duk ginin majalisar Amurka da nake gani a labarai iri ɗaya ne, faffaɗa da ginshiƙai a gaba da ƙatuwar ƙubba a tsakiya kamar na Washington ɗin nan, hatta namu na Abuja haka yake da koriyar ƙubbarsa. Amma wannan kamar hasumiya aka dasa a tsakiyar gari. Meye dalili? Sannan waye mutumin? Sannan a jikin bangon naga kamar an sassaƙa mutane da rubutu amma hoton bai fito da su sosai ba. Wanda ya sani ya taimaka don wlh Baba kullum bayan magariba sai ya tambaye ni ko na samo amsa.

Bakon_Lincoln

Wa alaikumus salam Dan_Rimi. Ka faɗo gidan sauƙi, shekarata shida a garin nan kuma duk baƙon da nayi nan nake fara kai shi tunda shiga kyauta ce.

Ka faɗa wa Baba ba sarki bane, ba gwamna bane, ba soja bane. Manomi ne. Sunan da suke kiransa da shi ma'anarsa mai shuka, kuma ba wani takamaiman mutum bane mai suna, manomi ne kawai kamar kowane manomi. Idan ka samu hoton da aka ɗauka daga kusa zaka ga ƙafarsa babu takalmi, ya naɗe hannun riga da ƙafar wando, da ɗan abin kare rana a kansa, ga jakar iri a rataye ya riƙe ta da hannu ɗaya ɗaya hannun kuma ya wurga shi yana watsa iri. Da tagulla aka yi shi, tsawonsa ƙafa 19 da rabi wato wajen mita 6, nauyinsa tan 9 da rabi, kuma abin da yake tsaye a kai an yi shi ne da siffar damin alkama da masara. A watan Afrilun 1930 aka ja shi sama. Arewa maso yamma yake fuskanta, ɓangaren da mafi yawan ƙasar jihar take. Kuma bayan ado yana da wani aikin, shine yake karɓar tsawa idan ta faɗo ya sauke ta ƙasa.

Dalilin manomi ba sai an yi dogon bayani ba, ƙaninka da ke karatun noma zai faɗa maka, jihar nan masara ce da waken suya da shanu, ka fita bayan gari da mota sai kayi awa guda baka ga komai ba sai gona, ƙasa a shimfiɗe kamar faifai babu ko tudu. Shi ya sa hasumiyar take aiki sosai a nan, tsawonta ƙafa 400, wajen mita 122, idan kana dawowa daga tafiya tun kana nesa da gari kilomita da yawa ita zaka fara hangowa kafin komai. Gari ma yana da doka a kan tsawon gine-ginen da ke kewaye da ita don kar a tare ta.

Maganar sassaƙan jikin bango kuwa, babbar ƙofa tana arewa. Tun kafin ka hau matakala hagu da dama akwai ɓaunar ƙasar nan an sassaƙa ta a dutse, da masara, da sunayen ƙabilun asalin ƙasar irin su Pawnee da Omaha da Ponca da Otoe, da wasu kalmomi da aka ɗauko daga addu'o'insu da waƙoƙinsu. Saman ƙofar an sassaƙa ayarin baƙin da suka zo da amalanken shanu suna nufar yamma. A nan ne kuma aka rubuta maganar da tafi tsaya min a rai a duk ginin, ma'anarta da Hausa shine tsirar jiha tana ga sa idon ɗan ƙasa. Ranar da na fara karanta ta na daɗe a tsaye a wajen ga sanyi, don kowane ɗan majalisa da kowane talaka da zai shiga ta ƙofar nan sai ya bi ta ƙarƙashinta. Sama da nan kuma akwai manyan siffofi huɗu, hikima da adalci da ƙarfi da jinƙai.

Idan ka zagaya ginin zaka ga sunayen gundumomin jihar, guda 93 ne, an jera su a dutse, sannan alluna 21 da suke ba da tarihin doka tun daga zamanin da. Akwai na dokokin Rumawa, akwai sarkin Ingila yana amincewa da Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki, a 1215, akwai ayyana ƴancin kan Amurka, akwai ƴanta bayi, har a zo kan shigar Nebraska cikin tarayya a 1867. A kudu kuma masu kafa doka ne aka jera, su Hammurabi da Solon da Julius Caesar da Justinian da Charlemagne.

Ciki kuwa sai ka rasa inda zaka kalla tsakanin sama da ƙasa. Wata mata ce mai suna Hildreth Meière ta zana adon daɓe da na rufi, da ƙananan gutsattsarin mabul baƙi da fari aka jera hotunan daɓen, akwai ruwa da wuta da iska da ƙasa, an kewaye su da halittun da suka rayu a yankin tun zamanin da can. Ni abin da yafi burge ni ɗan ƙarami ne, kan ginshiƙan zauren shiga, maimakon ganyen nan da Turawa suka saba sassaƙawa sai aka sa kan bijimi da masara da alkama. Ka ce wa ƙaninka ya shiga lifta, ƴar ƙarama ce tsohuwa, ya hau hawa na 14, akwai baranda da zai ga gari gaba ɗaya har jami'arsu da filin ƙwallonsu. Ya tafi da rigar sanyi fa, iskar wajen ba wasa.

Maizane_Samaru

Bakon_Lincoln Allah ya saka, ka gama da maganar mutumin. Bari ni na taɓa ɓangaren ginin tunda abin da na karanta kenan, ban taɓa zuwa ba amma na sha zama a kan zanensa.

Dan_Rimi idonka ya gani daidai, yawancin jihohin Amurka kwaikwayon na Washington suka yi. Ita ma Nebraska ai ta bi wannan hanyar kafin nan. Wannan da kake gani shine gini na uku a filin. Na farko da aka yi a 1868 da dutse mara kyau aka yi shi bai je ko'ina ba ya fara marmashewa, na biyu da aka gama a 1888 shi kuma harsashinsa ne ya riƙa zama yana tsagewa. To da suka tashi yin na uku sai suka ce wannan karon ba gaggawa, aka kafa kwamiti a 1919 aka sa gasa a 1920 tsakanin kamfanoni 10, kuma ba a tilasta wa kowa salo ba. Wanda ya ci shine Bertram Goodhue, mutumin New York wanda da ma an san shi da zanen majami'u, kuma nasa ne ya fita daban da hasumiya.

Tunaninsa mai sauƙi ne idan ka fahimce shi. Ƙatuwar ƙubba irin ta Washington kyau ne da ita amma cikinta fanko ne, ba ofis ba ma'ajiya, kuɗi ne kawai ka ɗora a sama. Shi sai yace a yi abin da zai yi tsawo a gan shi daga nesa kuma a yi amfani da cikinsa, don haka hasumiyar hawa-hawa ce da ake aiki a ciki. Ƙasan kuma ya shimfiɗa shi murabba'i, kowane gefe ƙafa 437, ya ratsa shi da dogayen hanyoyi biyu da suka gitta juna a tsakiya, sai ya zama an samu tsakar gida guda huɗu a ciki. Amfaninsu shine ofisoshi su samu taga da hasken rana da iska. Duk wanda ya tashi a gidan gargajiya na Kano ko Zariya ba sai an masa bayanin amfanin tsakar gida ba. Faɗin ƙasan yana tafiya da shimfiɗar ƙasar jihar, hasumiyar kuma ta tsaya a kai. Da dutsen farar ƙasa na jihar Indiana aka lulluɓe shi, har layin dogo suka ja zuwa bakin aikin don kawo kaya.

Amma inda nafi so ku lura shine yadda sassaƙan yake. Ba wai an gama gini bane sannan aka je aka siyo mutum-mutumi aka ɗora. Masassaƙin, Lee Lawrie, wanda shine dai yayi mai shukan kuma daga baya yayi wani sanannen mutum-mutumi mai suna Atlas a Rockefeller Center da ke New York, tare suka tsara da mai zanen tun farko cewa siffofin daga jikin dutsen bangon zasu fito. Ka duba hoton mutanen da ke gindin hasumiyar, manyan masana da shugabanni irin su Socrates da Marcus Aurelius da Newton da Abraham Lincoln tsohon shugaban Amurka, zaka ga kai da kafaɗa da ƙirji sun fito sosai amma yana gangarowa ƙasa sai jikin ya narke ya koma bango, babu ƙafafu. Ba zaka iya cire mutumin ka bar bangon ba. Ni wannan ya tuna min da aikin maginanmu, zanen da ake yi a fuskar soro tun ƙasar tana ɗanya, ko bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu yayi a masallacin Juma'a na Zariya, wanda shine yake ɗauke da rufin kuma shine adon. Su sun sa siffar mutane mu bamu sa ba, amma tunanin cewa ado da gini abu ɗaya ne duk ɗaya.

Sannan akwai mutum na uku, Hartley Burr Alexander, malamin falsafa ne a jami'ar Nebraska, shi aka ba aikin tsara me za a sassaƙa a ina da kuma me za a rubuta. Shi ya sa baka ganin abu a warwatse, waje tarihin doka ne, ciki kuma ƙasa da noma da rayuwar jama'a. Goodhue kansa bai ga ƙarshen aikin ba ya rasu a 1924, abokan aikinsa suka ƙarasa.

Abu na ƙarshe da gaskiya yake min ciwo idan na tuna namu ayyukan. An fara a 1922 an gama a 1932, kuɗin bai kai dala miliyan 10 ba, kuma ranar da aka gama babu sisin bashi a kansa, don tsarin mulkin jihar ya ƙuntata mata cin bashi sosai, sai suka sa ɗan haraji na musamman suna tarawa suna gini kashi-kashi. Tsohon ginin ma ba a rushe shi da farko ba, kewaye shi aka yi da sabon, sai da ma'aikata suka koma sabbin ofisoshin sannan aka rushe shi a 1925, kaga ba a kashe kuɗin haya ba. Gwamnoni sun canja a cikin shekara 10 ɗin nan amma aikin bai tsaya ba. Bayan Nebraska ne Louisiana da North Dakota suka yi nasu masu tsawo, na Louisiana ma ya fi shi, ƙafa 450.

Almajirin_Malam

Salamu alaikum. Na karanta bayanan nan duka kuma na ƙaru Allah ya ƙara basira. Amma akwai abin da ba a faɗa ba kuma ina ganin haƙƙi ne a faɗa wa Dan_Rimi tunda ƙaninsa ake cewa ya je. A cikin waɗanda aka sassaƙa a jikin ginin nan akwai waɗanda suka ce wai Annabi Musa ne da Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare su. Su a wajensu girmamawa ce, sun sa su cikin manyan masu shari'a na duniya, wannan na fahimta kuma ban ce da mugun nufi suka yi ba. Amma mu a wajenmu ba a suranta Annabi, kuma duk wanda ya sassaƙa bai taɓa ganinsu ba ƙirƙira ce kawai tasa. Don haka idan yaron ya je kar ya ɗauko hoton ya turo gida yace ga Annabi wane, musamman ga yara ƙanana da abu yake zama a kansu.

Sannan shi kansa sassaƙa siffar mai rai hukuncinsa sananne ne a wajen malamanmu ba sai na tsawaita ba. Ban ce kar a je a ga gini ba, tafiya a bayan ƙasa da duba abin da mutane suka yi akwai ilimi a ciki, maganar biyan kuɗin aiki ba bashi da Maizane ya kawo ai abin koyi ce. Abin da nake tsoro shine mu ga abu ya burge mu sai mu kwaso shi duka. Ina kuma son Bakon_Lincoln ya faɗa mana tsakani da Allah, akwai inda suka sa siffar da suka danganta ga fiyayyen halitta SAW a ginin? Don na san a zauren kotun ƙolin Amurka da ke Washington akwai irin wannan, har Musulmin can suka nemi a cire a 1997 ba a cire ba.

Bakon_Lincoln

Malam gaskiya ka faɗa kuma laifina ne da na tsallake, da gangan na ƙi ambata don ban san yadda zan sa shi ba. Eh akwai su, a jerin masu doka na kudu da kuma cikin allunan nan 21. Amma na Manzon Allah SAW babu shi a wannan ginin, na zagaya shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Wani abin da zan ƙara tunda an zo nan, wasu hotunan daɓen ciki siffofin mutane ne babu sutura irin salon zanen Turawa na da, mai zuwa da iyali ya san da wannan.

Amma Malam a fahimtata mutanen nan ba bauta suke wa abubuwan ba, babu mai rusuna musu ko ya kai musu wani abu, yaran makaranta ake kawowa a bas ana nuna musu ana cewa wannan shine kaza ga abin da yayi, kamar littafi ne aka rubuta a bango. Hukuncin yin sa kuma na bar wa malamai ban isa na sa baki ba. Ni dai da zan ga majalisar jiharmu an rubuta ayar adalci da riƙon amana a saman ƙofa da kyakkyawan rubutu, an yi mata zanen maginanmu da dagi da zanko maimakon gilashi da tayil ɗin da ake shigowa da su, da na ji daɗi, kuma ba sai an sa siffar kowa ba.

Maman_Hanifa

Sannunku da ƙoƙari. Ni a Omaha nake, tafiyar awa ɗaya ce zuwa Lincoln, na raka ajin ƴata wajen nan bara don haka bari na ƙara nawa.

Na farko wani abu da ba a faɗa ba, a ginin nan ɗaya gwamna yake da majalisa da kotun ƙolin jiha. Kuma an gina shi da zauren majalisa biyu ne don lokacin suna da ta dattawa da ta wakilai, sai a 1934 jama'a suka kaɗa ƙuri'a suka soke ɗaya bisa jagorancin Sanata George Norris, daga 1937 suka koma majalisa ɗaya tal, kuma har yau su kaɗai ne haka a duk jihohi 50. Yanzu mutum 49 ne kuma a takardar zaɓensu ba a rubuta jam'iyya. Mu abin ba zai zama mana baƙo ba tunda jihohinmu da ma majalisa ɗaya ce, amma a nan abin faɗa ne. Zauren yamma suke zama, na gabas ɗin ya zama na taro. To ƙofar wannan na gabas ɗin ce ta tsayar da ni, katako ne mai kauri an sassaƙa an yi masa launi ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, mace da namiji na ƴan asalin ƙasar suna tsaye cikin kayansu na gargajiya da masara a tsakaninsu, yaran nan duk sai da suka yi shiru.

Amma ni abin da ya tsaya min kenan kuma har muka dawo gida yana raina. An sa sunayen ƙabilun nan a dutse, an sa ɓauna, an sa addu'arsu, abin gwanin kyau, amma lokacin da ake sassaƙawar an riga an kwashe yawancinsu daga ƙasar an kuma kusa ƙarar da ɓaunar. Ayarin amalanken da ke saman ƙofa ai ƙasar waɗannan ɗin suka zo aka raba musu, dokar 1862 eka 160 take ba wa mutum idan ya zauna ya noma. Shi kansa mai shukan da muke yabo sai mutum ya tambaya a gonar wa yake shuka. Ƙabilar Ponca a 1877 aka tasa ƙeyarsu zuwa inda yake Oklahoma a yau, mutane da yawa suka mutu a hanya da bayan isa, har da ɗan shugabansu Standing Bear. Uban ya ɗauko gawar cikin tsananin sanyi zai kai ta ƙasarsu ya binne sai aka kama shi, a kotu a nan Omaha a 1879 ne alƙali ya yanke cewa ɗan asalin ƙasar shi ma mutum ne a idon doka. Ku duba fa, sai da aka je kotu kafin a yarda mutum ne. Ina da ɗa, da malamar take ba da labarin nan sai da na juya baya na share ido.

Don adalci kuma ba su ɓoye shi ba, akwai siffarsa a cikin ginin a jerin manyan mutanen jihar, akwai kuma wata babba a titin da ya miƙe daga ƙofar arewa zuwa jami'a wadda aka kafa a 2017, ƙanin Dan_Rimi ƙila yana wuce ta kullum bai sani ba. A wannan jerin na ciki ne kuma aka ƙara Malcolm X, ɗan gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙen fata, a 2024, don a Omaha aka haife shi a 1925, shine baƙar fata na farko da ya shiga. Mutumin da ya yi aikin Hajji a 1964 ya kuma zo Najeriya a shekarar. Sai da aka sha gwagwarmaya shekara da shekaru kafin a yarda.

Ga mai zuwa kuma ya leƙa ɓangaren yamma ta waje, akwai Abraham Lincoln a tsaye ya sunkuyar da kai, wannan ya girmi ginin don tun 1912 yake wajen, Daniel Chester French ne yayi shi, wanda yayi siffar Lincoln ɗin a zaune da ke Washington.

Dan_Rimi

Kai jama'a na gode na gode Allah ya bar zumunci, ban zaci zan samu bayani haka ba. Malam na ji gargaɗinka kuma na riga na tura wa yaron. Maman_Hanifa labarin mutumin nan da gawar ɗansa wlh ya taɓa ni, Baba ma da na karanta masa sai da yayi salati.

Jiya bayan magariba na zauna na karanta masa duka a kan tabarma. Da nace masa manomi ne bai yarda ba da farko, yace a'a duba dai, sai da na nemo hoton kusa na nuna masa ƙafar babu takalmi. Yayi shiru can sai yace to ai wannan ba shuka yake ba yafi yake, irin yadda ake yafin shinkafa a fadama ko alkama a Kadawa, don masara ba a watsa ta haka, sara ake da sungumi a jefa a take da diddige. Nace masa ai ance damin alkama ne a ƙarƙashinsa yace to shi ya sa. Sannan ya tambaye ni wai gwamnan a ƙasan manomin yake zama kenan, nace eh haka bayanin ya nuna, ya sa na maimaita masa.

Yanzu dai ya ba da umarni yaron ya je ranar Asabar ya hau hawa na 14 ɗin ya ɗauko masa bidiyon gonakin da ake hangowa. Bakon_Lincoln don Allah suna buɗewa ranar Asabar kuwa, kuma ana barin mutum ya ɗauki hoto a ciki? Idan kana da hali ma ka duba saƙonka na ajiye maka magana, yaron bai san kowa ba a garin kuma sanyi ya fara.